Yadda ake gane molekul fola ne ko ba fola ba daga surarsa da irin ɗaurinsa

Akwai tambaya ɗaya a kemistiri da take kayar da ɗalibai da yawa, kuma ba don tana da wuya ba, sai don ana yi mata gaggawa. A ba mutum CO2 da H2O, wato ruwa, a ce wanne ne fola wanne ne ba fola ba, sai ya duba ya ga dukkansu atam uku ne, ɗaya a tsakiya biyu a gefe, dukkansu akwai oksijin a ciki, sai ya ce ai duk kanwar ja ce. To ba haka ba ne. Ruwa fola ne sosai, shi kuwa CO2 ko kaɗan, kuma abin da ya raba su ba wani abu ba ne illa sura, yadda atam ɗin suka zauna a sarari. Ni dai abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne tambayoyin biyu ne, ba ɗaya ba. Ta farko, shin ɗaurin da ke tsakanin atam biyu, wato ilektiron ɗin da suka yi tarayya a kai suka haɗa su, fola ne? Ta biyu, idan an haɗa duka ɗaurin da ke cikin molekul ɗin, shin wani ɓangare ya rinjayi wani? Mafi yawan kurakurai daga amsa ta farko a ɗauka an amsa ta biyun suke fitowa.

Bari mu fara da ma'anar kalmar kanta. Idan aka ce molekul fola ne, ana nufin ilektiron ɗinsa ba su rarrabu daidai ba, sun fi taruwa a gefe ɗaya, sai wannan gefen ya ɗan zama negatif ɗayan kuma ya ɗan zama fozitif, duk da cewa molekul ɗin gaba ɗayansa ba shi da caji. Ana auna girman wannan rinjaye da abin da ake kira daifol momen, ma'auninsa kuma dibai ne, ana rubuta shi da harafin D, an sa masa sunan Peter Debye wanda ya samu kyautar Nobel ta kemistiri a 1936. Idan daifol momen sifili ne, molekul ɗin ba fola ba ne. Ruwa yana da 1.85 D, CO2 kuma 0.

Mataki na farko: zana tsarin Lewis, kada ka tsallake shi

Tsarin Lewis zane ne da ke nuna inda ilektiron na zagayen waje suke zaune a molekul. Na san wannan ne matakin da mutane suka fi jin ƙyuyarsa, amma wallahi duk wanda ya tsallake shi to cinke kawai yake yi. Ƙirga ilektiron na zagayen waje na kowane atam ka haɗa su wuri ɗaya. Haidurojin 1, boron 3, kabon 4, naitirojin 5, oksijin da salfa 6, fulorin da kulorin 7, zinon 8. Sai ka sa atam ɗin da ya fi rauni wajen jan ilektiron a tsakiya, ban da haidurojin wanda shi ba ya zama a tsakiya sam tunda ɗauri ɗaya kawai yake iya yi. Ka haɗa na tsakiyar da kowane na gefe da layi ɗaya, kowane layi ilektiron biyu kenan, sannan ka cika wa na gefe takwas-takwas ɗinsu, shi haidurojin biyu sun ishe shi. Duk abin da ya rage ka ɗora wa na tsakiya. Idan ilektiron sun ƙare na tsakiya bai cika takwas ba, sai ka janyo biyu daga na gefe ka mai da ɗaurin mai igiya biyu ko uku, ban da boron wanda shi yakan tsaya a shida.

Abin da muke farauta a duk wannan zanen shi ne waɗancan ilektiron da suka rage a kan atam na tsakiya ba su shiga ɗauri da kowa ba. Biyu-biyu suke zama, ni ina kiransu tagwaye 'yan zaman kansu. Ba a ganinsu a cikin fomula, kana rubuta H2O ba abin da zai nuna maka su, amma su ne suke lanƙwasa molekul.

Gwada da ruwa: 1 da 1 da 6, takwas kenan. Ɗauri biyu sun cinye huɗu, saura huɗu a kan oksijin, wato tagwaye biyu. CO2 kuma 4 da 6 da 6, 16 kenan, kuma kafin kabon ya cika takwas sai an yi ɗauri mai igiya biyu ta dama da hagu, sai ka ga babu ko tagwaye ɗaya da ya rage a kan kabon. Tun daga nan bambancinsu ya fara fitowa.

Mataki na biyu: duba kowane ɗauri shi kaɗai

Kowane atam yana da ƙarfin jan ilektiron zuwa wajensa idan ya shiga ɗauri, shi ne ake kira ilektironegatibiti. Ma'aunin da aka fi amfani da shi na Linus Pauling ne wanda ya fito da shi a 1932. Ba sai ka haddace na duka teburin sinadarai ba, waɗannan kaɗan ɗin za su kai ka nesa: fulorin 3.98 shi ne gaba da kowa, oksijin 3.44, kulorin 3.16, naitirojin 3.04, salfa 2.58, kabon 2.55, haidurojin 2.20, boron 2.04, sodiyom 0.93. Idan ka manta lamba, ka tuna ƙarfin yana ƙaruwa in kana tafiya dama a layin tebur, yana raguwa in kana gangarowa ƙasa.

Sai ka debe ƙaramin daga babban. O da H bambancinsu 1.24, C da O 0.89, N da H 0.84, C da Cl 0.61, C da H kuma 0.35 kacal. Ƙa'idar da yawancin littattafai suke bi ita ce in bambancin bai kai kamar 0.4 ko 0.5 ba ana ɗaukar ɗaurin ba fola ba, daga nan zuwa wajen 1.7 fola ne, sama da haka kuma ya fara karkata zuwa ayonik, inda atam ɗaya yake ƙwace ilektiron ɗin, irin na gishiri NaCl mai bambancin 2.23. Amma kada ka ɗauki waɗannan lambobi tamkar katanga, mutane ne suka ja layin don sauƙaƙa koyarwa, shi ya sa za ka ga wani littafi ya ce 1.7 wani ya ce 2.0. HF yana da 1.78 amma kuma molekul ne na kobalent, wato na tarayyar ilektiron, mai fola sosai, ba gishiri ba ne. In jarrabawa ce ka bi lambar da malaminku ya bayar.

A kan kowane ɗauri mai fola ka zana 'yar kibiya, bakinta yana kallon atam ɗin da ya fi ƙarfin ja, ka ɗan gitta gindinta kamar alamar tarawa don nuna gefen fozitif. Kibiyar O da H ta fi ta C da Cl tsawo tunda bambancinta ya fi yawa. Wani lokaci a littattafan fiziks za ka ga kibiyar ta juya baya, daga negatif zuwa fozitif, wannan bambancin al'adar rubutu ne kawai, kada ya ruɗa ka.

In molekul ɗin atam biyu ne kawai to aikinka ya ƙare a nan. H2, O2, N2, Cl2 duk iri ɗaya ne ke jan iri ɗaya, ba fola ba ne. HCl da HF fola ne. Daga atam uku zuwa sama ne sai an ci gaba.

Mataki na uku: fito da surar

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan ɗan daɗe a kai. Hanyar da ake bi ita ce wadda ake taƙaita sunanta da VSEPR, Sidgwick da Powell ne suka fara kawo tunaninta a 1940, sannan Gillespie da Nyholm suka inganta ta a 1957. Tunanin mai sauƙi ne, ilektiron duk negatif ne, ba sa son juna, don haka rukunonin ilektiron da ke kewaye da atam na tsakiya za su nisanci juna iyakar yadda za su iya.

Ƙirga rukunonin. Kowane ɗauri rukuni ɗaya ne, ko igiya ɗaya gare shi ko biyu ko uku, duk ɗaya ake ƙirga shi, a nan ma mutane suna yawan zamewa. Kowane tagwaye 'yan zaman kansu su ma rukuni ɗaya ne. Rukuni biyu suna miƙewa a layi ɗaya, digiri 180 tsakaninsu. Uku suna bajewa a shimfiɗe kamar kusurwoyin alwatika, digiri 120. Huɗu kuma ba sa tsayawa a shimfiɗe, suna fita sarari su yi surar da ake kira tetrahidiral, digiri 109.5, ka ɗauka kamar abu mai ƙafa uku a ƙasa da ɗaya tsaye a sama. Biyar suna yin uku a tsakiya a shimfiɗe da ɗaya sama ɗaya ƙasa. Shida kuma huɗu a shimfiɗe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowane digiri 90 da maƙwabcinsa.

Bayan ka zaunar da rukunonin, sai ka rufe ido a kan tagwayen ka kalli inda atam kawai suke, wannan ita ce surar molekul. Tagwayen suna nan, sun ci wuri, sun tura sauran, amma ba a sa su cikin sunan sura. Mitan CH4 rukuni huɗu ne duk ɗauri, tetrahidiral cikakke. Amoniya NH3 ma rukuni huɗu ne amma ɗaya tagwaye ne, sai atam ɗin suka yi surar dala mai ƙafa uku, naitirojin a sama haidurojin uku a ƙasa, kusurwar ta matse zuwa wajen digiri 107. Ruwa rukuni huɗu, biyu tagwaye, sai ya lanƙwashe kamar harafin V, digiri 104.5. Ka lura yadda kusurwar take ta raguwa, 109.5, 107, 104.5, dalili kuwa tagwaye 'yan zaman kansu atam ɗaya ne kawai yake riƙe da su, sai su baje su ci wuri fiye da ɗauri, su danne sauran.

Shi kuwa CO2 rukuni biyu ne kacal a kan kabon, ba tagwaye, sai ya miƙe sambal.

Mataki na huɗu: haɗa kibiyoyin

Yanzu ka ɗora kibiyoyin mataki na biyu a kan surar mataki na uku. Ka ɗauka wasan jan igiya ne, atam na tsakiya an ɗaura masa igiyoyi kowa yana ja ta inda yake tsaye. In ƙarfinsu ɗaya kuma sun kewaye shi daidai, ba zai motsa ba. In wani ya fi ƙarfi, ko kuma duk sun taru ta gefe ɗaya, dole ya tafi wajen.

A CO2 oksijin na dama yana ja da ƙarfi, na hagu yana ja da ƙarfi iri ɗaya ta kishiyar hanya, sun kashe juna, sifili. A ruwa kibiyoyin biyu suna tasowa daga haidurojin zuwa oksijin amma a karkace, ɓangarensu na dama da hagu ya kashe juna, ɓangaren da ke kallon wajen oksijin kuma ya haɗu ya ƙaru, shi ya ba da 1.85 ɗin nan. Ga mai son lissafi, in kibiya biyu tsawonsu ɗaya, jimillarsu ita ce tsawon ɗaya sau 2 sau kosain na rabin kusurwar da ke tsakaninsu. Sa 180 a ciki, rabinsa 90, kosain ɗin 90 sifili ne, ka ga CO2. Sa 104.5, rabinsa 52.25, kosain ɗinsa wajen 0.61, ba sifili ba, ka ga ruwa.

BF3 misali ne da nake so ƙwarai saboda bambancin B da F ya kai 1.94, ɗaurin fola ne matuƙa, amma boron ba shi da tagwaye, fulorin uku sun baje a shimfiɗe digiri 120, ja ukun sun kashe juna, molekul ɗin ba fola ba ne. Haka CCl4, kulorin huɗu a kusurwoyin tetrahidiral, sifili. Amma ka cire kulorin ɗaya ka sa haidurojin, ya zama CHCl3 wato kulorofom, surar tana nan kusan yadda take amma masu jan ba iri ɗaya ba ne kuma, sai ya zama fola, wajen 1.04 D. SO2 kuma in ka kalli fomularsa sai ka rantse ɗan'uwan CO2 ne, amma ƙirga ilektiron, 18 ne ba 16 ba, waɗannan biyun da suka ƙaru suna zaune a kan salfa a matsayin tagwaye, sai ya lanƙwashe wajen digiri 119, fola ne, 1.63 D.

Gajeriyar hanya da za ka iya amfani da ita in lokaci ya ƙure: in atam na tsakiya ba shi da tagwaye kuma duk na gefensa iri ɗaya ne, molekul ɗin ba fola ba ne, komai ƙarfin folar ɗaurin. Wannan ya haɗa da PCl5 da SF6. In na gefen sun bambanta, ko kuma akwai tagwaye a tsakiya, to galibi fola ne. Na ce galibi, saboda rabi na biyun yana da ramuka.

Ramukan da ya kamata ka sani

Na farko shi ne tagwayen da su ma suke zama daidai har su kashe juna. XeF4 yana da ilektiron 36, ɗauri huɗu da cika wa fulorin sun cinye 32, saura huɗu, tagwaye biyu a kan zinon. Rukuni shida kenan, tagwayen suka nisanci juna ɗaya sama ɗaya ƙasa, fulorin huɗu suka zauna a shimfiɗe kamar kusurwoyin murabba'i. Komai yana da kishiyarsa, sifili. XeF2 ma haka, tagwaye uku a tsakiya a shimfiɗe, fulorin ɗaya sama ɗaya ƙasa, miƙaƙƙe ne, ba fola ba. Amma SF4 mai ilektiron 34 tagwaye ɗaya ne gare shi, ba wanda zai daidaita shi, sai ya karkace ya zama fola. Ilektiron biyu kacal suka raba SF4 da XeF4.

Na biyu, kuma wannan ya fi kowanne cin mutane, shi ne yaudarar zanen takarda. Ka zana CH2Cl2, kabon a tsakiya, kulorin dama da hagu, haidurojin sama da ƙasa, ido zai ce maka ai kulorin biyun suna fuskantar juna sun kashe juna. Takarda ce ta yi maka ƙarya don shimfiɗaɗɗiya ce. A tetrahidiral babu wurare biyu da suke kishiyar juna a layi ɗaya, duk biyun da ka ɗauka kusurwarsu wajen 109.5 ce, don haka kulorin biyun kullum suna gefe ɗaya, haidurojin biyun a ɗaya gefen. Fola ne, wajen 1.6 D. In abin bai zauna maka a kai ba ka samu wani abu mai laushi ka soka masa tsinke huɗu yadda za su fi nisa da juna, ka juya shi a hannunka ka gani da idonka, ya fi karanta bayani sau goma.

Na uku, su kansu tagwayen suna da nasu jan, ba lanƙwasa sura kawai suke yi ba. Kwatanta NH3 da NF3, surarsu ɗaya, dala mai ƙafa uku, kuma bambancin N da F 0.94 ya ma ɗan fi na N da H 0.84, sai ka zaci NF3 zai fi fola. Amma amoniya 1.47 D ne, NF3 kuma wajen 0.23 D kawai. A amoniya kibiyoyin suna hawa zuwa naitirojin, hanya ɗaya da tagwayen da ke samansa, sai suka taru. A NF3 kibiyoyin suna gangarawa wajen fulorin, tagwayen suna ja sama, sai suka kusa cinye juna. Ozon O3 ma ya shiga nan, duk atam ɗinsa oksijin ne amma a lanƙwashe yake kuma ilektiron ba su rabu daidai tsakanin na tsakiya da na gefe ba, yana da wajen 0.53 D. Kenan ganin atam iri ɗaya ba ya wadatarwa in sun wuce biyu.

Manyan molekul

In molekul ba shi da atam na tsakiya guda ɗaya, kamar yawancin na kemistirin kabon, sai ka bi shi gaɓa-gaɓa. Duk inda kabon da haidurojin ne zalla, ka ɗauke shi ba fola ba, shi ya sa hekzen da sauran dangin mai ba sa haɗuwa da ruwa. Inda ka ga O ko N ko kulorin ko fulorin, ka tsaya ka zana kibiya ka duba ko akwai wata a kishiyarta da za ta kashe ta. Etanol yana da OH a ƙarshensa, fola ne, wajen 1.69 D, yana gauraya da ruwa ko nawa ka zuba. Amma in jelar kabon ta yi tsawo, kamar oktanol mai kabon takwas, OH ɗin yana nan amma jelar ta rinjaye shi, da ƙyar yake narkewa a ruwa. A nan tambayar ta tashi daga eh ko a'a ta koma nawa ne, kuma wane ɓangare.

Ɗauri mai igiya biyu tsakanin kabon da kabon ba ya juyawa, don haka a nan zanen takarda gaskiya yake faɗa, saɓanin CH2Cl2. Ɗauki C2H2Cl2 wanda kowane kabon yake riƙe da kulorin ɗaya da haidurojin ɗaya. In kulorin biyun suna gefe ɗaya na ɗaurin, shi ake kira sis, kibiyoyinsu suna taruwa, daifol momen ɗinsa wajen 1.9 D. In ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa a tsallake, shi ne tirans, suna kashe juna, sifili. Fomula ɗaya, nauyi ɗaya, ɗauri iri ɗaya, amma sis yana tafasa a wajen digiri 60 na Salshiyos, tirans kuma a wajen 48, saboda molekul masu fola suna manne wa juna, gefen fozitif na wannan da gefen negatif na wancan, sai an ƙara wuta kafin su rabu.